Barci Mai Nauyi a Layin Madara

Litinin, bayan La'asar

Falalu ya dawo daga Legas yau. Har wuyansa ya yi ƙiba. Koyon sabuwar manhajar da kamfani ya saya aka tura shi, amma ya shigo ofis yana rataye da jakar kwamfuta kamar da ita aka haife shi. Ya kawo mini tsarabar turare. Na yi godiya, na jefa a aljihun tebur.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada nan gaba in ce wa kaina na manta mafari. Ni, Abdulmalik, ni ne mai tsara jadawalin aiki a wannan masana'anta ta yogot da zoɓo tun ranar da aka kunna tankin farko a Talata Mafara. Ni nake cewa yau madara za ta bi layi, gobe zoɓo, ga lokacin da za a tsaya a wanke. Kuma ni na kawo Falalu. Yana zaune a Tsibiri da takardar difloma a ƙarƙashin katifa, yana taya babansa ban ruwan albasa, na je har ƙofar gidansu na ce ya zo, manajanmu Injiniya Magaji yana nema mini mataimaki. Mataimaki. Da aka tashi tura mutum ɗaya Legas, sai Injiniya ya ce ni ba a iya rasa ni ko na yini guda. Na ji daɗin maganar nan har na isa gida. Sai da na cire takalmi sannan na gane abin da take nufi.

Talata, da hantsi

Ranar kasuwa, motocin dabbobi sun cika hanya, na makara. Na tarar an fara taro ba a jira ni ba.

Injiniya ya ce daga yanzu sabuwar manhaja ce za ta riƙa fitar da jadawali. Wanda ya riƙe ta shi ne zai zama shugaban tsare-tsare, na nan Mafara da na wurin tara madara da aka buɗe a Bakura. Kujera ɗaya ce. Bai ambaci suna ba, amma yana maganar yana dafe da bayan kujerar Falalu.

Ya juyo gare ni: "Malam Abdulmalik, kai ka san tsohon gida, shi ya san sabo. Ka ba shi ƙa'idojin wanki duka shi ɗora. Ka taimaka mai."

Na ce to, yallaɓai.

Ka taimaka mai. Tun safe kalmar nan take mini yawo a kunne.

Laraba, bayan Azahar

Na ba shi ƙa'idojin. Ina miƙa masa ina jin kamar ɗakin uwata na buɗe wa baƙo.

Layi ɗaya gare mu: tankuna, bututu, da injin ɗurawa a roba. Madara tana bi, zoɓo yana bi. Ba a kwance ko ƙusa ɗaya in za a wanke. Ruwa da soda da asid ake turawa su zagaya cikin bututun su fito. Waɗanda suka haɗa injin suna da sunan da suke kiran abin, mu dai a nan wankin ciki muke cewa, kuma har yau sabon ma'aikaci sai ya yi dariya in ya ji. Aikin mai jadawali shi ne ya gaya wa kwamfuta wane wanki za ta saka tsakanin wane kaya da wane kaya. In ka yawaita, ka ƙone dizal da lokaci a banza. In ka rage, ka lalata tanki guda.

Ni ɗan zaure ne. Tun ban iya ɗaura wando ba nake jin mahaifina Baba Malam yana karantar da babin tsarki ga 'yan kasuwar unguwarmu bayan Magariba. Saboda haka da na zauna rubuta ƙa'idojin a tsohuwar kwamfutata, sunayen da na sani na ba su. In daga yogot marar suga za a koma mai suga, ruwa kawai, na kira shi Kurkura. In daga madara za a koma zoɓo, ruwa da soda, Alwala ke nan. In daga zoɓo za a dawo madara, ko an tashi aiki, sai an haɗa har asid da ruwan zafi, wannan Wanka. Masu kula da inji ba su taɓa ruɗewa ba, don duk wanda ya iya salla ya san wanne ya fi wanne.

Falalu ya karanta yana ƙyalƙyala dariya. "Kai, ɗan malam! Wallahi kai ɗai ka iya wagga dabara. Amma mutanen Legas sun ce lambobi za a sa, manhajar ba ta son dogon suna."

Yanzu Alwalata ta zama harafi da lamba. Ya ce mini sannu da ƙoƙari, kamar shi ne ya ɗauke ni aiki.

Alhamis, da yamma

Injiniya ya ce masa "Falaluna" a gaban direbobi.

Juma'a, bayan masallaci

Gaskiya manhajar tana da kyau, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Abin da nake kwashe yini ina yi da biro da lissafi, ita kafin ka aje kofin shayi ta shimfiɗa shi a allo, madara fari, zoɓo ja, wanki shuɗi. Injiniya ya tsaya a bayan Falalu yana ta "Ikon Allah, ikon Allah". Shekarun da na yi ina fitar da jadawali bai taɓa tsayawa a bayana ba, sai dai ya aiko a karɓa.

Kishi nake yi. Na rubuta, tunda ba wanda zai gani. Kishi irin na yara, wanda ke sa mutum ya ƙi cin abinci.

Asabar, da hantsi

Yau na ga wani abu.

Akwai ƙa'ida ta huɗu, wadda ba ta cikin jerin wankin, tana wani shafi daban. Ita kuma Barci na sa mata. Kowa ya san mai alwala in ya yi gyangyaɗi, alwalarsa tana nan. In barcin ya yi nauyi, ta warware. Haka bututu yake. In an wanke layi aka ɗan jira, ba komai, wannan barci marar nauyi ne. Amma in aka wanke ya zauna shiru kamar daga Azahar zuwa Magariba, ruwan da ya kwanta a gwiwoyin bututu ya ɗumama, to tsarkin nan ya tafi. Sai an sake zagaya ruwan zafi kafin ɗigon madara ya shiga. Wannan shi ne barci mai nauyi, kuma tsohuwar kwamfutata ba ta yarda a saka madara bayansa sai ta cusa wanki a tsakani.

Ina tsaye a bayan Falalu ina neman abin huda takarda, idona ya faɗa kan allonsa. Sabuwar manhaja tana da wani sashe na hutar da injuna don tsimin dizal. A can ya kai Barcina. Ya ɗauka ina nufin in layi ya jima ba aiki a kashe famfuna, in ya ƙara jimawa a kashe har tukunyar ruwan zafi. Ya cika gurbin tsaf, da kyau, ba kuskuren lamba ko ɗaya. Sai dai yanzu babu abin da zai gaya wa manhajar cewa layin da ya yi barci yana bukatar sabon wanki.

Na buɗe baki. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya yi murmushi, ya ce Injiniya ne. Ya fita da gudu-gudu.

Na sami abin huda takardar.

Asabar, bayan Magariba

Bai tambaye ni ba.

Lahadi, da rana

Ba aiki. Zafi kamar a soya ƙwai a dakali. Hadizatu, mai ɗakina, ta ce tun jiya nake juya tuwo a kwano ba na kai wa baki.

"Baban Jidda, mi ad damuwarka? Ko wurin aiki na?"

Na ce zafi ne. Ta dube ni irin kallon nan nata, ta ɗauke kwanon.

Na zauna na yi wa kaina hisabi. A yadda muke aiki, layi ba ya samun dogon zama. Ana gama wanki madara na shiga. Wataƙila a shekara ba a ci karo da abin ba. Kuma wanda aka kashe wa kuɗin jirgi ya je Legas ya kamata ya san bambancin barcin inji da barcin mai alwala. Kuma cewa aka yi in ba shi ƙa'idoji, na ba shi. Kuma bai tambaye ni ba.

Kuma, kuma, kuma. Baba Malam yana cewa in ka ji ɗalibi ya yawaita hujja, duba littafinsa, bai yi bitar ba.

Litinin, da safe

An fara aiki da sabon jadawali. Injiniya ya tara masu kula da inji ya ce daga yau abin da allo ya nuna shi za a bi, ba ya son jin "da can haka muke yi". Komai ya tafi daidai. An tashi da wuri har masu ɗura roba suna tafa wa Falalu.

Ni ma na tafa. Hannuna biyu kowa ya gani.

Talata, bayan Isha'i

Ya biyo ni wurin mai shayin bakin tasha. Ya saya mini da ƙwai, ya zauna kusa da ni kamar lokacin da muke makaranta, shi a ajin ƙasa, ina kare masa faɗa.

Ya ce: "Ɗan malam, tsoro nika ji. Kowa na yabo, ni ko ban iya kwana. Kai ka san layin ga kamar tahin hannunka. Don Allah ka hwaɗa min gaskiya, akwai abin da na bari cikin ƙa'idojinka?"

Mai shayi yana ta ɗaga kofi sama yana zubawa. Na bi shayin da ido har ya cika.

Na ce: "Na ga ka ɗora su duka."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗata, ya ce Allah shi bar zumunci.

Laraba, kafin gari ya waye sosai

Ban yi ƙarya ba. Ya ɗora su duka.

Laraba, da yamma

Ya ɗora su duka. A je a duba.

Alhamis, bayan Azahar

Jadawalin gobe ya fito. Lokacin bukukuwa ne, ga zafi, masu sari sun yi odar yogot mai yawa, har da wani babban dillali da zai kai Morai da ƙauyukan gefenta. Da safe zoɓo zai bi layi. Motar madara daga Bakura ba za ta iso ba sai bayan La'asar, don direban ya ce ba ya bin hanyar sai ya ga motoci sun yawaita. Ga kuma tsayawar Juma'a a tsakiya.

Manhajar, da wayonta, ta ga fili. Ta jawo Wanka ta saka shi da hantsi, ana gama zoɓo, sannan ta kashe komai, har tukunyar ruwan zafi, sai Magariba ta kusa madara ta shiga. A allo abin gwanin sha'awa: ja, shuɗi, dogon fili fari fat, sannan madara. Injiniya ya nuna filin da biro ya ce: "Kun gani? Da can nan duk dizal muka ƙonewa." Bai kalle ni ba, amma da can ni ne.

Na kalli filin nan har idona ya yi ruwa.

Na nemi izinin gobe. Na ce zan je Maradun gaisuwar rasuwar surukin ƙanen Baba. Rasuwar ta kwana biyu, kuma an riga an je a madadinmu. Injiniya ya ce in tafi, ai yanzu ana iya rasa ni na yini guda. Da wasa ya faɗa.

Juma'a, Maradun, bayan La'asar

Na yi gaisuwa. An kawo fura, na sha, ban ji ɗanɗanonta ba. A masallaci liman yana huɗuba, ni ina cikin bututu. Na san kowace gwiwa a layin nan, na san wadda ke ƙarƙashin tanki na biyu inda ruwa ke kwanciya, na san yadda kwanon rufin ɗakin yake ɗaukar rana.

Waya tana aljihuna. Kira ɗaya ne, ko ga Falalu, ko ga mai kula da inji: ku zagaya ruwan zafi kafin ku buɗe madara. Ba sai na yi bayani ba ma. Na fito da ita, na ga hoton da Falalu ya sa jiya, shi da Injiniya a gaban allo, Injiniya ya rungumo kafaɗarsa.

Caji ya yi ƙasa, na kashe ta.

Asabar, da hantsi

Ba abin da ya faru. An ɗura, an rufe, an loda, motoci sun tafi. Na ɗanɗana ragowar, lafiya lau.

Na yi hamdala. Sannan, can ƙasan hamdalar, na ji wani abu mai kama da takaici. Wannan na biyun ne ya hana ni haɗa ido da kowa yau.

Lahadi

Shiru.

Litinin, bayan Azahar

Mota ta farko ta dawo da kaya kafin hantsi. Robobi sun kumbura kamar cikin akuya, wasu murfin ya tashi, warin tsami ya cika harabar. Kafin Azahar ta biyu ta shigo. Dillalin Morai bai aiko mota ba, da kansa ya zo, kuma ba a ofis ya yi maganarsa ba, a bakin ƙofa ya yi ta, da ƙarfi. An ce a wani gidan biki aka raba. Abin da ya ce game da yaran gidan ba zan rubuta ba. An ce duk sun tashi. An ce.

Falalu yana tsaye cikin katan-katan yana ɗaga roba ɗaya bayan ɗaya, kamar zai ga amsar a jikinsu.

Talata, da yamma

Masu kamfani sun zo daga Gusau. An rufe layi. An kira mu ɗaya bayan ɗaya.

Magana ta fara yawo a harabar, ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, ba ni ba ne: wai tunda aka ba Falalu jadawali soda take saura a sito, wai yana rage wanki yana fitar da sauran ta bayan gida. Kafin La'asar har masu gadi sun san wanda yake saya.

Injiniya ya kira ni. Idanunsa sun faɗa. "Malam Abdulmalik, yaron ga ba ɓarawo ba na, na rantse. Amma ban san mi za ni ce musu ba. Ka duba tsohuwar kwamfutarka da sabuwa, ko Allah shi sa ka ga wani abu."

Yau ya tuna ina da kwamfuta. Kuma don a ceci Falalu ne.

Laraba, bayan La'asar

Na gano matsalar.

Na zauna tun safe da allo biyu a gabana, na buɗe wannan shafi, na rufe wancan, na kira a kawo mini shayi, na dafe kai. Sai bayan Azahar na tashi na ƙwanƙwasa ofishin Injiniya. In da na shiga tun da safe, da wani ya yi tambaya.

Na yi musu bayanin Barci a gaban masu kamfani. Ɗayansu, dattijo mai farin gemu, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ai ko yaro ya san barci mai nauyi yana warware alwala. Aka kira Falalu. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi allon, ya rufe fuska da hannu.

Ya ce: "Ni na ɗora ta inda ba nan ba. Malam Abdulmalik ya ba ni komi daidai. Laihina na ni ɗai."

Ba wanda ya tambaye shi wannan. Shi ya ƙara da kansa.

Alhamis, da hantsi

An dakatar da shi, sai abin da hali ya yi. Maganar sata ta mutu. Kujerar an ba ni.

Na mayar da Barci inda ya dace. Aikin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba: in layi ya zauna kaza bayan wanki, a tilasta zagayen ruwan zafi kafin madara. Na gwada da jadawalin Juma'ar nan, sai ga shuɗi ya fito a ƙarshen farin filin, siriri, kamar zare.

Kujerar tana juyawa. Ya saita ta daidai tsawonsa, ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai, kuma na kasa gano inda ake rage ta.

Asabar

Ba wanda ya tafa.

Litinin, da yamma

Na fitar da jadawalin mako, mai kyau, ba ɓarnar dizal, ba gibi. Na kai wa Injiniya da kaina. Ya duba sama-sama ya ce madalla. Sannan ya ce jiya ya je Tsibiri.

Da motarsa. A wannan hanyar. Ni da na yi zazzaɓin da ya kwantar da ni bara, saƙon waya ya aiko.

Ya ce ya tarar da Falalu a fadama cikin laka har gwiwa, ya rame. Ya ce Taiba, matar Falalu, tana kan gwiwa yau ko gobe, ga ba albashi. Ban san tana da ciki ba. Ko ya gaya mini ban ji ba, don na jima ba na jin abin da yake faɗa, sai yadda ake amsa masa.

Injiniya ya ce: "Yaron kirki. Ko a taron nan ka ga yadda ya ɗauki laihi bai raɓa ma kowa ba? Irinsu ba su da yawa."

Na ce gaskiya ne, yallaɓai.

An dakatar da shi, ina kan kujerarsa, kuma har yanzu shi nake kishi. Wannan wace irin cuta ce?

Laraba, bayan Magariba

Taiba ta sauka jiya, namiji. Hadizatu ta je barka da ƙanwata, sun dawo kafin La'asar.

Ta ce Falalu ya rako su har bakin mota yana ta sa mini albarka. Wai da ban gano abin nan ba, da har ya mutu ana kiransa ɓarawon soda, da ɗansa ya tashi da wannan sunan a Tsibiri. Wai ni na kai shi aiki, ni kuma na wanke shi.

"Har da hawaye, Baban Jidda. Ya ce in roƙe ka ka kawo Baba Malam shi raɗa sunan."

Ta tsaya tana jira in ce wani abu. Na ce ruwan alwala ya ƙare a buta.

Juma'a, bayan masallaci

Baba Malam ya ce ƙafarsa ba za ta ɗauki hanyar Tsibiri ba. Na ji sanyi a raina, har na fara shirya yadda zan ba da haƙuri. Sai ya ce: "Kai ka tai a madadina. Abokinka na, kuma ka san addu'ar. Mi ar amfanin karatun da ka yi?"

Na ce akwai aiki ranar Talata. Ya ce suna da sassafe ake yi.

Litinin

Na yi niyyar kiran Falalu in gaya masa gaskiya. Na yi niyya da safe, na yi da rana.

Talata, da hantsi, a mota

Mun isa Tsibiri rana tana fitowa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa sun zauna, ga goro da dabino a faranti, ga rago ɗaure a jikin darbejiya, ƙarami, na san da ƙyar aka same shi. Injiniya ya riga ni zuwa. Aka daɗe ana gaisawa, ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki, ya aka ji da zafi. Baban Falalu ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ƙi saki.

Aka matsa mini wuri a tsakiya, inda Baba Malam zai zauna. Falalu ya fito cikin farar riga da ta yi masa yawa yanzu. Ya durƙusa a gefena, ya kawo bakinsa kusa da kunnena don ya gaya mini sunan da zan sanar.

Ya faɗa.

Na ɗauka kirana yake yi, na ce na'am.

Ya yi dariya a hankali, ya ce: "Ba kai nika kira ba, ɗan malam. Sunan ke nan."

Na dube shi. Na nemi wani abu a fuskarsa, ko zargi, ko gatse, ko alamar ya sani yana so ya gasa ni a gaban mutane. Wallahi da na samu da na fi jin sauƙi. Babu komai sai murna da rashin barci.

Mutane suna jira. Na ɗaga hannu, na yi salati, muryata ta fita kamar ta wani. Na ce an sami ɗa namiji, sunansa Abdulmalik. Aka ɗauka, Allah shi raya, Allah shi raya, mata suka yi guɗa daga cikin gida.

Sai baban Falalu ya ɗaga murya, ya ce: "Allah shi sa ya ɗauko halin mai sunan, ciki da waje."

Duk tabarmar ta amsa. Injiniya ya fi kowa ƙarfi, Falalu yana shafa fuska. Ni nake jan addu'a, hannuna a sama, kaina a sunkuye, don haka ba wanda ya lura ban ce amin ba.